Yadda Na Kashe Madacin Baba

A shekarun da Nasara suka fara gina bariki a Dutse, muna da madaci guda a gonarmu ta bayan Limawa. Kakana ne ya tarar da shi yana ɗan tsiro, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Lokacin da na yi aure, mutum biyu ba sa iya rungume shi.

Ɓawonsa ake nema, na ciwon ciki da zazzaɓi, kuma Baba yana da doka a kai. Faɗin tafin hannu ake ɓamɓara, a shafe wurin da laka, ba a ƙara taɓa gefen nan sai ya warke. Mutane suna yi masa tsiya, wai ya fi tausayin itace a kan mai ciwo. Ni ma ina cikin masu tsiyar.

Sai aka kawo masu zarto daga Kano don katakon ƙofofi. Suna bin gonaki da farar ƙasa, duk madacin da ya yi musu su shafa masa, bayan kwana biyu a zo a kayar. Ba a ko sallama da mai gona. Sau uku ina zuwa wurin mai unguwa kan kada a taɓa namu, sau uku yana ce mini in yi haƙuri. Har yau idan na tuna haƙurin nan raina yana ɓaci.

Baba ya tafi Garki ta'aziyya. Ni kuwa na lura masu zarton ba sa son itace mai tabo, wucewa suke yi. Na ji ni ne mai wayon gari. Na tsaya ƙofar masallaci bayan la'asar na ce duk mai son ɓawo ya je ya ɗiba, babu doka. Har da waɗanda cikinsu lafiya lau suka je da gatari. Cikin yini biyu aka zagaye shi tas, iya inda hannu ya kai.

Masu zarton suka zo, suka dube shi, suka wuce. Na yi ta baza labari.

Da Baba ya dawo ya zagaya itacen sau ɗaya, ya dafa inda aka feɗe.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Na cece shi."

"Ta ɓawo yake sha," ya ce. "Ka bar masa ko ɗan yatsa?"

Ban bar masa ba. Wata guda ina kwaɓa laka ina shafawa, ina ɗaure shi da tsumma kamar mai karaya. Damina ta sauka, kowane itace ya yi ganye, shi yana tsaye tsirara.

Da kaka masu zarton suka dawo. Babbansu ya ƙwanƙwasa jikin madacin, ya ce tabon bai shiga ciki ba, kuma mun hutar da su jiran katako ya bushe. Har godiya ya yi mini, a gaban Baba.