Dutsen Tsakiyar Kasuwa

A unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira na girma, a wani ƙuntataccen gida hawa na biyar. Idan sanyin Alƙahira ya kankama, Kaka Delu, mahaifiyar babanmu, takan hura gawayi a kasko bayan magariba, mu kewaye ta a baranda. Maƙwabta su yi ta ƙorafin hayaƙi, ta ce musu "ma'alish", wato a yi haƙuri, ta ƙara fifita abinta.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na wani dogon dutse da kakanni suka kafa a tsakiyar kasuwar garinsu na asali. Duk wanda ya rungume shi ba a taɓa shi, kome laifinsa, sai dattawa sun zauna.

Wata ranar kasuwa, tana yarinya, wani baƙo ya soke ƙanen Tanko mahauci har lahira a kan rigimar akuya. Ya ruga ya ƙanƙame dutsen. Tanko ya biyo shi da wuƙar fawa.

Nan Kaka takan yi ƙasa da murya. "Sarkin kasuwa ya ce, 'Tanko, dubi inda yake.' Tanko ya ture tsohon. Ya sari hannun baƙon ɗaya, mutumin bai saki ba. Ya sari ɗayan, sannan ya yanka shi. Jikokina, jini har cikin kwandon gishirin uwata."

Kafin la'asar dangin baƙon suka iso da kwari da baka. Aka ƙone rumfuna, aka kashe Tanko da 'ya'yansa, kasuwa ba ta sake ci ba. Daga baya hukuma ta kewaye dutsen da waya, wai kayan tarihi ne.

Na taɓa tambayarta, "Kaka, me ya sa ba a hana shi ba?"

Ta ce, "Kowa dutsen ya zuba wa ido. Yalla, ku tashi."

Bara ina shagona na gyaran wayar salula, wani saurayi ɗan Sudan ya faɗo ciki, fuska duk jini, ƙarti uku na biye da shi da wuƙaƙe. Titi cike, kowa na kallo. Na tare ƙofa. Na gaba a cikinsu ya tsarge mini hannu. Da maƙwabcina mai burodi ya ga haka ya taso da sanda, maƙwabta suka rufa masa baya, ƙartin suka tsere. Saurayin ya rayu. Ni kuwa yatsuna biyu har yau ba sa lanƙwasuwa.

Sai a asibiti, ana ɗinke ni, na gane ba muguntar Tanko ce ke cin ran Kaka ba. Mutanen da suka tsaya kallo take nufi, har da uwarta.