Baƙauyar Mai Rediyo

Mai Rediyo yana son birninsu kamar shi ya gina shi. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba, ga matattun rediyoyi har rufi, ga gwangwanayen kusoshi, ga ƙaurin dalma. A nan furfura ta same shi. Abu ɗaya ke ƙona masa rai: duk ƙidayar da aka yi, birninsu na huɗu yake zuwa a yawan jama'a.

Matarsa kuwa daga wani ƙauye ya auro ta, can bayan gada, kuma tun tana amarya yake kiran ta Baƙauya. Yana shigowa gida zai ɗaga murya, "Baƙauya, a ba ni ruwa!" Ita kuma ta amsa, "Ga shi nan, ɗan birnin da bai iya ɗaure akuya ba." 'Ya'ya suka taso suka tarar da haka, jikoki ma haka. Bawan Allah bai iya daɗin baki ba, duk ƙaunar da ke ransa a wannan kalma yake dunƙule ta.

Wata safiya yana gwada rediyon wani direba sai ya ji sanarwa: an faɗaɗa iyakar birni, an haɗo ƙauyukan da gine-gine suka cim ma, birni ya koma na biyu. Ba wanda ya haihu, ba wanda ya yi ƙaura, layi kawai aka matsar a taswira. Ya rufe shago ya garzaya gida, baki har kunne.

"Mun zama na biyu!"

Tana wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Har da ƙauyenmu aka haɗa?"

"Har da..."

"Ashe mu muka ɗaga ku," in ji ta, tana dariya.

To, shi mutum ne da in rediyo ya faɗa, magana ta ƙare. Tunda gwamnati ta ce matarsa 'yar birni ce, ba shi da bakin kiran ta Baƙauya. Ya koma cewa "Uwar yara", da ladabi, kamar mai gaida surukarsa. Ita ma ta rasa abin mayarwa, sai ta ajiye ruwan ta wuce. Gidan ya yi shiru, abin ban tausayi. Ya samu matsayin da ya daɗe yana nema, amma ya rasa hanyar yi wa matarsa magana.

Ran nan ya dawo daga shago ya tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, ido ya yi ja.

"Malam, laifin me na yi maka?"

"Laifi kuma?"

"Ai ka daina kira na Baƙauya."

Ya sosa ƙeya. "Ai an shigo da ku birni. Yanzu in na faɗa, ƙarya na yi."

Ta dube shi. "Da za su ja layin nan, sun tambaye ni?"

"A'a."

"To ni ban shiga ba. Ka je ka gaya musu su rage mutum ɗaya."

Mai Rediyo ya buɗe baki zai kira ta. Sai da ya share ido da hannun riga, ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "Baƙauya!"