Suwaibatu da Fatar Maraƙin Rabo

Suwaibatu ɗiyar maƙwabcina ce, Malam Rabo, a nan Mabai. Sati ɗaya aka haife ta da ɗana Sha'ibu, aji ɗaya suka zauna a firamare, kuma har gobe ina cewa Sha'ibu ya fi ta lissafi. Shi yanzu acaɓa yake yi a Ƙanƙara. Ita kuwa ta wuce Zariya, daga nan ƙasar waje shekara biyar, ta dawo ana ce mata Dakta.

Da farko mun ɗauka likitar asibiti ce. Mata suka yi ta kai mata kukan ciwon baya, sai ta ce ita ba ta duba marar lafiya, ƙwaƙwalwa take bincike. Wai akwai wani ɗan ruwa da ƙwaƙwalwa ke sakowa cikin jini, shi ke sa nono ya sauko, shi ke sa uwa ta riƙe ɗanta. Aka tambaye ta a kan wa take gwadawa, ta ce ɓeraye. Shekara goma sha biyu tana wannan aiki. A majalisarmu ta bakin masallaci aka sa mata Likitar Ɓeraye. Ba ni na raɗa sunan ba, amma ban taɓa hana kowa faɗa ba.

Rabo bai damu ba. Kullum sai ya kara waya a kunne ya ce, "Dakta ce, ku ɗan yi shiru." Ko mai gyaran keke ne ya kira shi, haka yake cewa.

Abin da ya dawo da aikinta gida wata al'ada ce tamu. Idan maraƙi ya mutu, uwar takan riƙe nononta, ko yaya aka ja ba ya zuwa. Sai a feɗe maraƙin, a cusa ciyawa cikin fatar, a ɗinke, a kai mata. Ta sansana, ta lasa, nono ya sauko. Suwaibatu ta gani tun tana ƙarama, kuma a hannuna ta gani, don duk unguwarmu ni ake kira. Tana so ta ɗebi jinin saniya a daidai lokacin da take lasar fatar, ta auna ko ruwan nan yana ƙaruwa. Shekara biyu tana jiran saniyar da za a yi da ita, saboda ɓarayin daji sun kwashe shanun yankin, waɗanda suka rage ba su da yawa.

Bara da kaka maraƙin Rabo ya mutu. Ya kira ta, ta kamo hanya da akwatin sanyi da kwalabe. Na zauna ina jiran a aiko a kira ni. Ba a aiko ba. A majalisa Rabo ya ce, "Aikin ɗiyata ne, kuma saniyata ce. Mi zai sa in ɗauko wani? Ɗinkin fata ne zai gagare ni?"

Ran Talata da hantsi na leƙa ta kan katanga na ga fatar a shanye kan igiya, tana ɗigar ruwa, ƙamshin sabulu har gidana. Ya wanke ta tas, don kada Dakta ta zo ta ji wari. Saniya kuwa da hanci take gane ɗanta. Na tsaya na kalli fatar nan, na koma na ci gaba da ɓarar masarata.

Suwaibatu ta iso da la'asar, ta tarar an riga an ɗinke. Ta sa wa saniyar wani siririn bututu a jijiyar wuya, don kada allura ta firgita ta lokacin tatsa. Washegari Talatu, mahaifiyarta, ta durƙusa da ƙwarya, Rabo ya kawo fatar yana taƙama. Saniya ta sansana sau ɗaya ta kau da kai. Ran Alhamis ma haka, har ta yi shuri ta kifar da ƙwaryar. Kowa ya san in aka ƙara kwana biyu hantsar za ta ƙafe, shi ke nan sai wata shekarar, in ma an samu wata saniyar.

A majalisa aka fara tsokana. Wani ya ce, "Malam Rabo, ko dai saniyar ba ta jin Turanci?" Na yi dariya tare da kowa.

Ran Juma'a bayan asuba na ji sallama. Suwaibatu ce, ba farar rigar aiki, zane ne da mayafi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Sha'ibu da iyalinsa, sannan ta ce, "Baba Gide, na duba duk abin da na sani ban ga inda na kuskure ba. Ka zo ka duba mani."

Na ce, "Ai mahaifinki ya iya."

Ta ce, "Baba, da ya iya da ban zo ba."

Na daɗe ina neman takalmina, alhali ina ganin su. Sannan na bi ta.

Rabo na ganina ya ce, "Kai kuma wa ya kira ka?"

Talatu ta ce, "Malam, ka bar shi mana. Kwana uku kana rawa da gawar maraƙi."

Na ce a kawo igiyar da ake ɗaure maraƙin da ita, a kankaro ƙasar turkensa inda yake kwanciya. Na dama da fitsarin uwar da ɗan gishiri, na murje fatar ciki da bai, na ɗaura wa fatar igiyar a wuya. Rabo ya toshe hanci ya ce na ɓata masa aiki. Na ce ya koma bayan rumbu, don turaren da ya shafa ma ya isa ya kori saniya. Ya koma yana gunaguni.

Na ajiye fatar a gaban saniyar na ja baya. Ta sansana, ta ɗaga kai, ta sake sansanawa. Ta yi wani ɗan kuka can ƙasan maƙogwaro, ta fara lasa. Talatu ta taɓa hantsar ta ce, "Ya sauko!" Suwaibatu tana tsugune a wuyan saniyar tana cika kwalabe ɗaya bayan ɗaya, tana duba agogo.

Da ta rufe akwatin sai ta ɗauko littafi ta yi ta yi mani tambayoyi: gishiri nawa, don me igiya, kwana nawa fata ke riƙe wari. Can ta ce, "Baba Gide, yaushe ka gane wanke ta aka yi?"

Na ce, "Tun ran Talata."

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ci gaba da rubutu.

Bayan wata huɗu ta bugo waya ta ce an auna jinin, ruwan nan ya ƙaru sosai a lokacin lasar, kuma an ba ta ɗalibai biyu su ci gaba da aikin a kan shanu. A wayar Rabo ta bugo, don ni ba ni da waya. Shi ya kawo wa majalisa labarin, ya ce, "Aikin nan da muka yi da Dakta ya yi kyau." Aka yi ta yi masa barka. Ina zaune a gefen tabarma, ni ma na miƙa masa hannu.