Jan Babur da Shanun Baffa

Shekarar da aka yi mana ƙarin albashi, lokacin da arzikin mai ya fara leƙo Katsina, kowane ƙaramin ma'aikaci ya jingine kekensa ya shiga neman babur. Ni ma na bi sahu, sai dai nawa neman da dalili. Malamin dabbobi ne ni, aikina bin rugage ina yi wa shanu allurar rigakafi, hanyoyina kuwa burtali ne da yashi da kwazazzabai. Baburan da abokaina ke saye na kai mutum ofis ne, daga Gobarau zuwa GRA, a dawo riga fes. Ni irin na daji nake so, dogayen nan masu taya mai haƙora.

Akwai wani dattijon Bafulatani a wata ruga yamma da gari, a tsallaken wani faffaɗan rafi na yashi. Baffa nake ce masa. Shekara uku ina bin sa ya bari in yi wa garkensa allura, shekara uku yana cika mini ciki da nono yana sallama ta da daɗin baki. Bai taɓa ce mini a'a ba, bai kuma taɓa cewa to ba. A wannan shekarar ne ya ji ciwon huhu ya taɓa shanun wata ruga kusa da su, sai ya aiko in zo. Amma ya kafa sharaɗi: ranar Alhamis ta makon gaba, da sassafe, bayan an gama tatsa, kafin a saki shanu kiwo. Da keke, kafin in ja shi in ƙetare yashin nan rana ta take. Dole kafin ranar in mallaki babur.

Wani Alhaji mai shago kusa da Ƙofar 'Yandaka yana da irin waɗanda nake so guda uku: ja, shuɗi, da mai ruwan ɗorawa. A ido kusan duk ɗaya ne, ga su dogaye, ga salansa an ɗage ta sama kusa da sirdi. Wannan kamar da suke yi ita ta hana ni sukuni. In abu uku sun yi kama haka, me ya sa aka yi su uku? Ni kuwa tun ina ƙarami ba na iya barin tambaya ta kwana a raina.

Kullum aka tashi daga aiki sai shagon Alhaji. Na zo da igiya na auna tsakanin ƙasa da cikin injin kowanne. Na kama bayan kowanne na ɗaga don in ji nauyi. Har kwanciya na yi a ƙasa ina leƙen sarƙa, mutane na wucewa suna kallona.

"Malam," in ji Alhaji, "wanga bincike naka ko mai neman aure bai yin shi. Babur za ka saye ko asalinshi kake nema?"

Mai ruwan ɗorawa shi ya fara fita daga lissafina. Da na hau, da ƙyar yatsun ƙafata suka taɓa ƙasa, na karkace zan faɗi Alhaji ya tare ni yana dariya. Allah bai ba ni tsawo ba, ban kuwa ga dalilin yin gardama da wannan ba.

Saura ja da shuɗi, a nan kaina ya ɗaure. Jan ba shi da nauyi, sai an gauraya masa fetur da baƙin mai, yana fitar da hayaƙi, kuma da ka murɗa masa wuta sai ya zabura yana wata siririyar ƙara mai shiga kunne. Shuɗin ya fi nauyi, fetur zalla yake sha, sai an taka shi sau biyu ko uku kafin ya tashi, muryarsa kuma ƙasa-ƙasa take. Yana da faffaɗar kariya a baya, wadda akwatin maganina zai zauna daram a kanta. Alhaji ya yarda na fita da su bayan ganuwa, inda yashi ya taru. Jan ya ratsa yashin kafin in gama bismilla. Shuɗin ya nutsa kaɗan, ya yi nishi, ya fita a hankali ba tare da ya mutu ba. Na maimaita har sau uku, kowanne ya sake yin halinsa.

Gaskiya zuciyata na wajen jan. Ina son yadda samari ke waiwaye in na wuce a kansa. Amma na gaya wa kaina wai saboda yashin rafin Baffa ne.

Ranar Juma'a Baffa ya shigo gari, muka haɗu bayan an sauko daga masallaci, na ja shi zuwa shagon. So nake in ga yadda mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zaɓen bijimai zai kalli ƙarfe. Ya rataya sandarsa a kafaɗa, ya kewaya su a hankali, ya shafa sirdin wannan, ya danna tayar wancan da babban yatsa.

"Wanga mi yake ci?" in ji Baffa. Na ba shi amsa.

"Wancan hwa?" Na gaya masa.

Sai ya ce a tayar masa da su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ba ni mamaki, da aka tayar, juya musu baya ya yi, ya sunkuyar da kai yana saurare. Aka kashe shuɗin, aka tayar da jan. Na ga kafaɗarsa ta ɗan motsa.

"Malam, jan nan muryarshi ta yi tsini," in ji shi. "Shuɗin ya hi hankali."

Na yi dariya na ce, "Baffa, ai ba waƙa zai yi mini ba, yashi zai ƙetare da ni."

Ya ce, "Haka ne kuma." Sai ya koma tambayar Alhaji lafiyar iyali.

Shekara uku ina zama da mutumin nan, ya kamata a ce na san ba ya faɗin magana sau biyu, kuma ba ya tsayawa ja-in-ja da baƙo. Abin da ya faɗa ɗin nan, a wajensa ya yi magana mai yawa. Ni kuwa na ɗauka tsufa ne kawai, tsoho ba ya son abu mai ƙara. Ban tambaye shi dalili ba, ni da na tambayi Alhaji har yawan haƙoran taya. Washegari na sayi jan.

Ranar Alhamis ina idar da sallar asuba na ɗaure akwatin magani na kama hanya. Daɗin da na ji a wannan tafiya har yau ban manta ba. Ƙasa ta sha ruwa, gero ya kai gwiwa, babur na tsallake ramuka ina jin kaina wani babba. Da na iso rafin na sauke giya, na murɗa wuta har ƙarshe. Ya keta yashin yana ihu, ya haura gaɓa da gudunsa. Rugar kuwa a bakin gaɓar take.

Shanun Baffa ba su taɓa jin irin wannan ƙara ba. Gaba ɗaya garken ya zabura. Maruƙa suka fizge dangwali, igiyar da ake jera su a kai, ƙoren madara suka kife, manyan suka tattake shingen ƙaya suka nausa daji. Wata karsana ta yage cinya a kan ƙayar, ta bi sauran tana ɗingishi. Maza suka ɗauki sanduna suka bi su suna kira, mata suka tsaya riƙe da baki. Na kashe babur. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Baffa ya taho a hankali. Ya tambaye ni kwana, ya tambayi gajiya, da iyali, da mutanen birni, bai rage ko gaisuwa ɗaya ba. Ya sa aka kawo mini ɗan nonon da ya tsira, na sha don ba ni da bakin ƙi.

Da na ga dai ba zai taɓo maganar ba, na ce, "Baffa, in an tattaro su, ko zuwa hantsi ne, zan jira."

"Yau ba su tsayawa, Malam. Kuma sun gan ka, sun shaida ka." Ya dubi inda shingen ya karye. "A bar allurar nan sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Na san ciwon na nan kusa, shi ma ya sani. 

Na ɗaga ƙafa zan taka babur ya tashi, sai ya ɗora hannu a kan sirdi. Na gane. Na kama kan babur na fara turawa, muka gangara cikin rafin. Yashin da na keta cikin ƙiftawar ido ya riƙe tayoyin, gumi ya jiƙa mini riga. Can na ji nauyin ya ragu. Na waiwaya, ashe Baffa ne ya ajiye sandarsa ya kama bayan babur yana taya ni, dattijo mai furfura, yana haki. Da muka haura ɗaya gaɓar na tsaya na dube shi.

"Tukuna, Malam," in ji shi. "Mu ƙara gaba kaɗan. Daga nan suna iya ji."