Mutumin Da Ba Ya Sakin Sirdi A Ɓoye

Kafin a buɗe shagunan layin, ya riga ya share filin da ke bayan rumfarsa. Ba wani fili ba ne na a zo a gani. Ɗan tsukin wuri ne tsakanin katangar makarantar firamare da shagon mai aski, inda a da ake juye shara. Da hannu yake tsince kwalba da ƙusa. Ya jera tsofaffin tayoyi, ya ja layi da farar ƙasa a ƙarshen filin, ya kafa kwalin da ya rubuta wa TSAYA. Sannan ya koma rumfa ya kama sana'arsa ta gyaran keke da faci. Da la'asar ta yi, ko kekunan gari ne kaf suka yi layi, rufe akwatin sifanu yake yi. Lokacin yara ya yi.

Baba Birki suke ce masa, kuma shi ya ja wa kansa. Yaron da aka kawo masa ba ya fara da feda. Birki zai yi ta matsawa har hannunsa ya saba, na baya kafin na gaba. "Gudu ko akuya ta iya," in ji shi. "Tsayawa ake koyo." Akwai hulunan kwano rataye a ƙusa, duk sun koɗe. Wanda ya ce hula tana sa shi zufa, ga benci nan, ya zauna ya yi kallo. Sai kuma waiwaye ba tare da kan keke ya karkace ba, da miƙa hannu kafin a sha kwana.

Wannan duk wani ma zai iya koyarwa. Ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Abin da ya sa shi ne, mutumin nan ba ya yi wa yaro ƙarya.

Duk wanda ya koyi keke ya san ƙaryar. Babba ya kama sirdi yana bin ka a guje, yana cewa, "Ina riƙe da kai, tafi!" alhali tuni ya saki. Ka waiwayo ka ga ba kowa, ka sha ƙasa, manya su kwashe da dariya su ce ai haka ake koyo. Baba Birki ba ya saki sai yaro ya ce da bakinsa, "Saki." In bai ce ba, haka za su yi ta zagaya filin, yau da gobe.

Bara aka kawo masa Auta. Mahaifiyarta sharar asibiti take yi, da sassafe take fita. Sun koma wani gida mai nisa da makaranta, babu mai kai yarinyar. Gwaggonta, wadda gidanta ke kusa da makarantar, ta ce a ba ta ita. Aka tsayar da magana: in Auta ta iya keke kafin hutu ya ƙare, ta zauna da uwarta. In ba ta iya ba, a haɗa mata kaya. Yayyenta duk sun kama gabansu, ita kaɗai ta rage wa uwar a ɗaki.

Sai dai kawunta ya riga ya gwada koya mata. Ya saki a ɓoye, ta afka kwata, haƙorinta na gaba ya gutsure. Tun daga ranar, in ta hau keke, wuyanta a baya yake.

A daidai lokacin ne kuma gwiwar Baba ta hagu ta ce ta gaji. Likita ya ce masa ya bar gudu. Ya ce to. Ya dawo ya naɗe ta da bandeji, ya kama sirdin Auta.

Mai aski, wanda ƙofarsa ke kallon filin, shi ne shaida. Kullum sai ya leƙo.

"Tsoho, kai da gwiwar nan, wa zai riga wani ritaya?"

"Koma ka ƙarasa wa bawan Allah askinsa. Tun ɗazu yake zaune da rabin kai."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Auta ta iya birki, ta iya feda, ta iya miƙa hannu. Duk mai ido ya ga hannun Baba a kan sirdin ba wani aiki yake yi ba. Amma duk zagaye sai ta tambaya, "Baba, kana riƙe?" Ya ce, "Ina riƙe." Kuma yana riƙe.

Wata rana uwar ta biyo daga aiki, ko kayan asibitin ba ta cire ba. Ta ja shi gefe.

"Baba, don girman Allah ka saki kawai. Ta iya fa, ni ina gani. Ba za ta sani ba."

"Za ta sani, 'yata. Suna sani."

"Hutu ya zo ƙarshe. Za a ɗauke min ita."

"Kawunta ya saki. Ga haƙorin nan kina gani." Ya gyara ɗaurin bandejinsa. "Gobe zan ce mata kada ta tsallaka titi sai ta duba. In na yaudare ta a nan, da wane baki zan faɗa?"

Uwar ta share ido da gefen mayafi, ta tafi.

Ranar ƙarshe gwaggo ta zo da kanta. Ba muguwa ba ce, ita ma tsoron titi take ji wa yarinyar. Ta zauna a benci da jakar da za a zuba kayan Auta a kan cinya. Uwar na tsaye a gefenta. Mai aski ya kashe injinsa ya fito.

Suka fara zagaye. Yanzu ba gudu Baba yake yi ba, jan ƙafa yake yi, numfashinsa kamar famfon keke. Auta tana jin sa a bayanta.

"Baba, kana riƙe?"

"Ina riƙe."

"Gwiwarka tana ciwo?"

"Tana yi."

"Sosai?"

"Sosai."

"To me ya sa ba ka saki ba?"

"Ba ki ce ba."

Suka wuce taya ɗaya, suka wuce ta biyu.

"Baba. Saki."

"Na saki."

Ba ta waiwaya ba. Babu abin da za ta duba, an gaya mata. Ta bi tsakanin tayoyin ita kaɗai, ta isa farin layi, ta matsa na baya sannan na gaba, ta dire ƙafa. Ta duba dama, ta duba hagu, ta sake dubawa. Ta miƙa hannu, ta sha kwana, ta dawo ta iske shi zaune a ƙasa ya riƙe gwiwa.

"Baba, ka gani?"

"Na ga kin manta ƙararrawa. Sake."

Gwaggo ta ninke jakarta ta sa a hammata. Ta ce wa uwar, "A dai riƙa sa mata hular nan." Washegari Baba ya hau nasa keken, ya raka Auta har ƙofar makaranta, yana nuna mata inda ake sauka a tura. Har yau a ɗakin uwarta take kwana.

Sirdin Auta shi ne na ƙarshe da ya bi a guje. Gwiwar ta yi nasara. Yanzu a benci yake zama, da sanda, yana kallon waɗanda ya koya wa suna riƙe wa ƙannensu. In ya ga hannun wani yana neman zamewa a ɓoye, sai ya buga sandar a ƙasa.

Baba, ni ba mai dogon zance ba ne. Kai ne ka mai da juji makaranta. Kai ne ka ƙarar da gwiwarka a bayan 'ya'yan wasu, ba a taɓa kiran ka taro an ba ka takarda ba. Dattijo mai magana ɗaya. Yaran da ke tsayawa a mararraba su dire ƙafa su duba, direbobi ba su san daga ina suka koyo ba. Mu mun sani. Mun gode. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon nan, ya saka maka da abin da ba mu iya ba.

Saura mu. Filin nan ba zai koma juji ba muna raye. Duk mai ɗa ko ƙani ko ƙanwa da keke, ya duba birki kafin a fita, ya sa musu hula ko za su yi kuka. In ya kama sirdi kuma ya ce yana riƙe, to ya riƙe, har sai an ce masa saki.