Ci Aka Tambaye Ni, Ba Sha Ba

Assalamu alaikum. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Da baki nake faɗa ana rubuta mini, in an ga magana ta karkace a yi mini uzuri.

A lokacin da abin nan ya faru ni ce babba a gidanmu da ke Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya. Malam mijina ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya mata duk suna ɗakunansu, saura ni da ɗana na fari da matarsa da ɗansu. Mace ce ni da ake jin maganata a unguwa. In jariri ya ƙi kama nono ni ake kira, in mai jego ta kumbura ni ake tambaya, wankan jegon da na tsaya a kansa kuwa ban san iyakarsa ba. Amma abin da na fi taƙama da shi shi ne ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Har cewa ake yi in Inna ta ce ta gani, to a rufe zance.

Jikan nan nawa, wanda nake ce wa angona, ya ɗan haura shekara biyu, bakinsa bai buɗe sosai ba. Tun da aka yaye shi bai sami lafiyar fata ba. Ƙuraje a wuya, ƙuraje a bayan gwiwa, ya yi ta susa har jini, ga ciki ba ya tsayawa. An sha shafa masa man asibiti, ni ma na yi nawa, wankan darbejiya da jiƙon sabara, abu ya lafa ya dawo. Daga baya wata likita ta ce mai yiwuwa wani abinci ne jikinsa ba ya so, a janye masa wasu abubuwa, in ya samu sauƙi a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a gane mai laifin. Surukata ma'aikaciya ce a wani ofis a unguwar Kongo, nan Zariya, da safe take fita sai la'asar. Ita ce ta samo wani abu a cikin wayarta, manhaja suke ce masa, wai shi zai riƙe mata lissafin wannan aiki.

Ba zan zalunce ta ba, har ƙasa ta durƙusa ta yi mini bayani. Ta ce tsarin na mutanen farko ne, tun kafin a san noma da kiwo: nama, kifi, ganye, saiwa irin su dankali da doya, da 'ya'yan itace. Ba hatsi, ba wake, ba gyaɗa, ba nono, ba sukari. Na ce waɗanne mutanen farko, mu dai da gero muka tarar da kakanninmu. Na ce ashe maharbi za a mayar mini da ango, saura a rataya masa kwari da baka. Ta yi dariya, ta ce na ɗan lokaci ne. Ta nuna mini yadda abin yake: kullum za ta sa masa abin da yaro ya ci, ta ɗauki hoton fatarsa, ta faɗa masa yadda cikin ya kwana. Shi kuma ya tara, ya auna, abincin da yake zargi ya shafa masa ja. Da safe ta dafa ta jera a kwanuka ta bar mini, tunda ni nake yini da shi.

Da farko na bi. Kuma gaskiyar da ban faɗa ba a lokacin ita ce fatar ta fara kwanciya, cikin ya fara tsayawa. Na gani da idona, na ce wankan darbejiyata ne ya fara ci.

To ni ba na raba hantsi da fura. Akwai wata Bafulatana da ke kawo mini nono daga rugagen bayan Kufena, mun daɗe tare har ta zama kamar 'yar gida. In na zauna damu, sai angona ya zo ya dafa gwiwata, idonsa na bin ludayi, in ya tafi ya bi shi, in ya dawo ya bi shi. Wanda bai taɓa shan abu a gaban jikansa yana kallo ba, ba zai gane ba. Ran nan na ce ludayi ɗaya me zai yi. Ya shanye ya lashe baki ya miƙo hannu. Kafin a jima na ware masa ɗan ƙoƙonsa, kullum da hantsi, in mun gama na wanke na kife a ɗakina.

Da la'asar uwarsa ta dawo, ta gaishe ni, ta ciro waya, ta ce, “Inna, me ya ci yau?” Na lissafa mata: dankali, kifi, miyar alayyafo, ayaba. Ban ƙara ba, ban rage ba. Fura dai ba a cin ta, kowane Bahaushe ya san sha ake yi. Ci aka tambaye ni, ci na amsa. Da wannan na lallashi zuciyata, har nakan ji wani daɗi a raina, wai ga tsohuwar da ba ta san bihim ba ta yi wa waya wayo ba tare da ta yi ƙarya ba.

Ƙuraje suka dawo, gudawa ta dawo. Waya kuwa ba ta san da ƙoƙo ba, abin da aka ba ta shi take aunawa. Sai ta shafa wa kifi ja, aka janye kifi. Ciwo bai tafi ba, ta shafa wa kabewa, aka janye kabewa. Gwanda ta bi, dankali ya bi. Kwanukan da ake bar mini suka yi ta raguwa, yaro ya yi ta zubewa, wuyansa ya fito, wandonsa ya daina zama a ƙugu. Ni kuma da na ga ya rame sai na ƙara masa furar, har da kindirmo tsantsa, ina cewa in ban da ni da yunwa ta kashe shi. Maƙwabta in sun shigo na ce ku dubi abin da waya ta mayar da ɗan mutane. Su yi salati, su ce Allah dai Ya bar mana irinku, Inna.

Ɗana ba ya zama da ni mu yi hira, ɗan fari ne, daga bakin ƙofa yake gaishe ni kansa a ƙasa, ni ma ban taɓa kama sunansa ba. Amma na san yadda ake jefa magana ta faɗa inda ake so. In yana alwala a tsakar gida sai na ce da kaji, wasu na kiwon ɗa, wasu na kiwon waya. Ya ji, ya kuma ji. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗaga yaron, ya ji yadda ya koma kamar kara, sai ransa ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa gani ba. Ya ce da matarsa ko ta goge abin nan daga wayarta a ba ɗansa tuwo, ko ta ɗauki wayar ta tafi gidansu ta bar masa ɗa. Tana kuka ta ce ai da farko ya samu sauƙi, akwai dai abin da ya ɓuya, a ƙara mata lokaci. Daga nan ta taso ta durƙusa a ƙofar ɗakina, shi yana tsaye daga nesa.

“Inna, ke kike yini da shi. Don girman Allah, ya taɓa cin wani abu bayan wanda nake bari?”

Ƙoƙon yana kife a bayana, ko taku biyu babu. Na ce, “Wallahi bai ci ba.”

Ta juya wajen mijinta ta ce ka ji, tunda Inna ta faɗa shi ke nan, laifin yana cikin abin da nake dafawa. Ya ce ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Ta ɗauki hutu a wajen aiki don ta tsaya a kansa da kanta, kuma ta janye ayaba, wadda ita kaɗai ta rage masa da yake murna in ya gani. In mai tallar ayaba ta wuce yana jin muryarta sai ya kama zanen uwarsa ya yi ta kuka, ita ma ta juya baya tana share nata hawayen. Ina zaune ina jan carbi ina kallonsu. Sau da yawa magana ta zo mini har maƙogwaro, sai in tuna ana cewa in Inna ta ce ta gani a rufe zance, in haɗiye.

Ina so a rubuta wannan yadda na faɗe shi: ba ni na tona kaina ba. Da na samu yadda nake so, da wataƙila har yau ba a sani ba. Bafulatanar nan ce ta yi sallama da hantsi, bayan ta ɗan kwana biyu ba ta zo ba, ta sauke ƙwarya, ta ga surukata tana wanki. Ta ce a'a, yau matar gida ana gida? Ta waiga tana neman yaron, ta ce ina angon Inna, ga kindirmonsa ta ware masa mai kauri, ita ba ta taɓa ganin ɗan birni mai son nono kamarsa ba, in ya girma sai ta ba shi 'yarta. Tana ta zuba, ina yi mata ido, ba ta gani ba.

Surukata ta tsame hannunta daga ruwan wanki. Ba ta yi ihu ba. Ta jira har matar ta tafi, sannan ta zo inda ta durƙusa ran Juma'a, ta ce, “Inna, na tambaye ki.”

Na ce, “Abin da ya ci kika tambaya.”

Tun da nake ban taɓa jin magana ta fito daga bakina ta yi mini wari irin wannan ba. A cikin zuciya dutse ce, da ta fito fili sai ga ta ƙaiƙayi. Ta ce, “Haka ne, Inna. Ci na ce.” Ta tashi ta koma kan wankinta.

Ba ta gaya wa mijinta ba. Na zuba ido, na kasa kunne, shiru. Ta ci gaba da gaishe ni, ta ci gaba da kawo mini ruwan alwala, ga ƙarshen wata yana matsowa da aurenta a kai. Da na ga da gaske za ta bar kanta ta tafi gida a kan ta kunyata uwar miji, sai na aika aka kira shi. Yaron da ban taɓa haɗa ido da shi ba, shi na zaunar na gaya masa cewa uwarsa ta yi rantsuwa a kan abin da ta san ba haka ba ne, kuma ita ta zuga shi a kan matarsa. Ya ce to Inna, Allah Ya kyauta. Ya tashi ya manta takalminsa a ƙofata.

Suka koma wajen likitar. An ce ta yi wa surukata faɗa sosai, ta ce ba a janye wa ƙaramin yaro abinci haka da yawa a kan maganar waya kaɗai ba a dawo an tambaya ba, waya mataimakiya ce, ba ita ce likita ba. Aka sake sabon lale, wannan karon da gaskiya. Kifi ya dawo lafiya, dankali da kabewa da gwanda da ayaba duk suka dawo, ba wanda ya taɓa shi. Gero ma da aka gwada bai yi masa komai ba, yau kunu yake sha har ya bar saura. Da aka zo kan nono, kafin gari ya waye wuyansa ya yi ja. Ashe abin da aka yi watanni ana nema, ni nake dama shi da hannuna.

Yanzu ya murmure, sai tabon susa a bayan gwiwa, wanda nake gani duk lokacin da na yi masa wanka. Uwarsa ta koma aiki, ta ci gaba da bar mini shi, ban san ko yarda ce ko rashin yadda za ta yi ba, ban kuma da bakin tambaya. Sai dai tambayar la'asar ta canja. Takan ce, Inna me ya ci, me ya sha, me ya lasa, me ya tsotsa. Da murmushi take faɗa. Ni ce ba na iya murmushin.

Na kai maganar rantsuwar wajen malamarmu ta Islamiyya, ina fatan ta ce harshe ya kuɓutar da ni. Ta ce rantsuwa tana bin abin da mai tambaya yake nufi ne, ba lungun da mai amsa ya ɓuya ba. Na tuba, ina kan tuba.

Ku 'yan'uwana tsofaffi da ake bar wa jikoki, mun san abubuwa da yawa, amma ba mu san komai da komai ba, kuma tausayin ludayi ɗaya yana iya zama ciwon wata da watanni. In tsarin da aka kawo bai kwanta muku ba, ku faɗa a fili, a yi gardama a tsakar gida, ya fi ku amsa da to ku saɓa a ɗaki. Ku kuma masu waya, ku sani ba ta da ido, abin da aka gaya mata shi ta sani, in an ba ta rabin magana sai ta kama marar laifi, don haka kada ku yanke ƙafa da likita. Ni dai na tsufa ina tsoron a ce na yi ƙarya, ban san ana iya cutar da yaro da zalla gaskiya ba, in an yanka ta daidai inda ake so. Duk wanda ya durƙusa ya tambaye ku, ku amsa masa abin da yake nema, ba abin da bakinsa ya furta ba.