Kawu Bawa da Tsohuwarsa ta Sama

Duk wanda ya san Kawu Bawa a Kaura Namoda ya san ba ya gaisawa sai ya fara ɗaga kai sama, ko da rana tsaka. Yayan mahaifiyata ne, tsohon malamin makaranta. Matarsa ta riga shi, ba ɗa ba jika, sai wani hoto da yake kira Tsohuwa.

A takardar da aka naɗe masa balangu a kasuwar Shinkafi ya samo shi. Wani garken taurari ne mai nisan gaske, shimfiɗe kamar faifai, da tudu a tsakiya. Na taɓa nuna wani ɗigo a gefe na ce, "Kawu, wagga tauraruwa hwa?"

"Man balangu na, sakarai."

Burinsa ɗaya ne, mutum guda ya zauna ya ji bayanin Tsohuwa har ƙarshe. To, shi kaɗai ke da madubin hangen nesa a unguwa, duk daren duban watan azumi sai an cika soronsa. Sai ya sa madubin a hammata.

"Bayani tukuna. Wasu garkunan suna da hannuwa masu murɗawa, ita babu. Iskar da aka yin sabbin taurari da ita ta ƙare mata, sai tsohhi."

"Malam, wata za ya hwaɗi!" in ji Liman.

"Haskenta ya yi shekaru miliyoyi bisa hanya bai yi gaggawa ba, sai kai?"

Aka fizge madubin.

Wani makiyayi daga Gurbin Bore ne ya kusa kaiwa ƙarshe. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Garken da ba maraƙi, Malam, ai saidawa aka yi." Muka yi ta dariya. Kawu bai yi ba, ya ninke hoton ya shige ɗaki.

Da wayar hannu ta shigo gari, labarin wata ya riƙa zuwa kowa har aljihu, soron ya zama kango. Shekararsa ta ƙarshe, daren duban wata, na hau soron bayan magariba, na tarar ya shimfiɗa tabarmi uku, shi kaɗai zaune. Abin ya sosa min rai. Ya miƙo min madubin ba gardama.

Na ce, "Kawu, bayani tukuna."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya fara. Ya yi ta yi har wata ya faɗi ba mu duba ba. Da ya kai ƙarshe na ce ya nuna min ita a sama.

"Wanga madubin ba ya kai can. Ni ma ban taɓa ganinta ba." Ya yi murmushi. "Amma tana nan."

Bayan sallah da kwana kaɗan ya rasu. Hoton yana wurina, da man balangunsa.

Allah Ya jiƙan Kawu Bawa, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da abokan zama waɗanda ba sa tashi.